Idan fambel ya tsinke a tsakiyar ruwa: me ke kashe injin jirgi, kuma cikin minti nawa?

Abin mamaki ne a ce injin da ke zaune a kan teku ya ƙone saboda rashin ruwa, amma hakan yana faruwa kowace shekara a gaɓar tekun Ingila da Faransa da Amurka, inda dubban ƙananan jiragen shaƙatawa da na kamun kifi suke aiki da injin dizal da aka girke a cikin cikinsu. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan. Ƙungiyar ceto ta RNLI, wadda take aikin ceton rayuka a tekun Birtaniya da Ireland tun shekarar 1824, ta daɗe tana bayyana cewa lalacewar inji ita ce kan gaba cikin dalilan da ke sa a kira ta zuwa ga irin waɗannan jirage. Cikin abubuwan da ke jawo wannan lalacewa kuwa akwai wata igiyar roba da kuɗinta bai kai na cika tanki ba, wadda makanikai a wajenmu suke kira fambel, ko da yake a injin jirgi babu fankar da take juyawa.

Tambayar da matuƙi yake fuskanta a lokacin gajeriya ce. Ya ji wata ƙara a ɗakin inji, jar fitilar caji ta kama, amma injin yana ci gaba da aiki kamar babu abin da ya faru, ruwa kuma yana feshi daga bakin salansa kamar kullum. Shin ya lallaɓa ya ƙarasa tashar da ke gabansa, ko ya kashe injin nan take? Mutane da yawa suna amsa wannan tambaya da ƙarfin gwiwa, wasu su ce fambel caji kawai yake yi don haka babu komai, wasu su ce injin zai buga kafin a ƙifta ido. Kowannensu yana iya yin daidai a kan injin da ya sani, ya kuma yi kuskure a kan na maƙwabcinsa, domin amsar ta rataya ne a kan abu guda: wane famfo ne wannan fambel ɗin yake juyawa a wannan injin?

Kafin a kai ga famfo, sai an san yawan zafin da ake magana a kansa. A ƙiyasin da injiniyoyi suka saba yi, man da ƙaramin injin dizal ya ƙona yana rabuwa kusan kashi uku. Kashi ɗaya ne kawai yake zama ƙarfin da ke juya farfela, kashi ɗaya yana fita da hayaƙi, kashi na uku kuma yana shiga jikin ƙarfen injin, kuma dole wani abu ya kwashe shi a daidai saurin da yake shiga. Ma'ana, injin da ke ba da ƙarfin doki 30 yana zuba wa ruwan sanyayarsa zafin da ya yi kusa da wannan ƙarfin. A mota, iska ce ke kwashe wannan zafi idan ta ratsa lagireto. Injin jirgi kuwa yana cikin akwati a ƙarƙashin daɓe, inda iska ba ta kaiwa, saboda haka aka mayar da aikin ga ruwan da jirgin ke kai.

Hanya mafi daɗewa ita ce a jawo ruwan teku kai tsaye ya zaga cikin injin ya fita. Tana da sauƙi, amma gishiri da ƙasa suna cin injin daga ciki, kuma dole a riƙe shi da sanyi, yawanci ƙasa da digiri 60, don kada gishirin ya daskare ya toshe hanyoyin ruwa. Injin dizal kuwa ba ya son aiki da sanyi. Don haka yawancin injunan zamani suke da ruwa iri biyu da ba sa haɗuwa. Na farko ruwan daɗi ne da aka gauraya da maganin hana tsatsa da daskarewa, yana zagayawa a rufe cikin injin, tamostat yana riƙe zafinsa a wani wuri tsakanin digiri 70 da 90 gwargwadon ƙirar injin. Na biyu ruwan teku ne ko na kogi, wanda yake shigowa ta wani bawul a ƙasan jirgi, ya bi ta rariya, ya ratsa tarin siraran bututu a cikin wata tukunya da ruwan daɗin ke kewaye da su, ya karɓi zafin ya wuce. Wannan tukunyar musayar zafi ita ce lagireton jirgi. Akwai hanya ta uku da ake yawan gani a dogayen jiragen ƙarfe na magudanan ruwan Ingila, inda ruwan injin yake bi ta wani siririn tanki da ke manne da jikin jirgin ya huce, amma ba ita ce ta fi yawa a teku ba.

Ruwa biyu yana nufin famfo biyu, kuma ba su yi kama da juna ba ko kaɗan. Famfon ruwan daɗi irin na mota ne, farfelarsa ta ƙarfe ce, ba ya tsotso, yana dai tura ruwan da ya riga ya cika shi, kuma juya shi ba ya buƙatar ƙarfi mai yawa. Famfon ruwan teku kuwa ƙarami ne na tagulla, a cikinsa akwai farfelar roba mai fukafukai da suke lanƙwashewa suna miƙewa yayin da take juyawa, ta haka yake iya tsotso ruwa daga ƙasa. Kamfanonin Jabsco da Johnson da Sherwood ne suka fi shahara da ƙera shi. Ruwan da yake tsotsowa shi ne kuma yake yi wa robar aikin mai, shi ya sa idan ya juya a bushe take lalacewa cikin ɗan lokaci.

A nan ne injuna suka rabu. A yawancinsu, irin su Volvo Penta D1 da D2, da Perkins 4.108 da ya cika tsofaffin jirage, da jerin JH na Yanmar, haƙoran giya ne daga cikin injin suke juya famfon ruwan teku, fambel kuma yana ɗauke da altaneta, wato na'urar da ke yi wa batir caji, da famfon ruwan daɗi. A Yanmar 2GM20F da 3GM30F fambel biyu ne, ɗaya na altaneta da famfon ruwan daɗi, ɗaya kuma ƙarami wanda aikinsa kawai shi ne juya famfon ruwan teku. Ƙaramin Yanmar 1GM10 mai silinda ɗaya, wanda ruwan teku yake sanyaya shi kai tsaye, famfonsa ba ya dogara da fambel, don haka idan nasa ya tsinke caji ne kawai ya tsaya, injin zai iya tafiya awoyi. A manyan jiragen gudu masu injin fetur na MerCruiser, ƙirar Alpha tana da famfon ruwan teku a cikin ƙafar da ke riƙe da farfela a cikin ruwa, ita kuwa Bravo nata yana jikin injin, fambel ne yake ja. Mai 1GM10 da ya ce ya taɓa yin tafiyar yini guda babu fambel gaskiya ya faɗa. Mai D2 da ya ɗauki shawararsa zai sayi sabon kan silinda.

Yanayin da ya fi yawa, kuma a ganina ya fi haɗari saboda yaudarar da ke cikinsa, shi ne wanda fambel ya tafi da famfon ruwan daɗi ya bar na teku yana aiki. Abu na farko da ake koya wa duk wanda ya fara tuƙa jirgi shi ne ya leƙa baya da zarar ya tayar da inji, idan ya ga ruwa yana fita daga salansa to sanyaya tana aiki. Wannan ka'ida ce mai kyau, amma rabin labarin take bayarwa. Ruwan da ke fita ta salansa ruwan teku ne, kuma zai ci gaba da fita cikin nishaɗi ko da ruwan da ke cikin kan silinda ya tsaya cik yana tafasa. Hasali ma zai fito da sanyi fiye da kullum, tunda zafin injin ya daina isa tukunyar musayar balle ya karɓa. Matuƙin da ya leƙa ya ga ruwa, ya taɓa ya ji sanyi, sai hankalinsa ya kwanta a daidai lokacin da ya kamata ya tashi.

Ana iya yin lissafin misali don a ga yadda lokacin yake da ƙaranci. A ɗauki inji mai ƙarfin doki 30, nauyin ƙarfensa kimanin kilo 130, da lita 5 na ruwan sanyaya, yana tafiya da matsakaicin gudu yana zubar da zafin kilowat 15. Ƙarfe ba ya riƙe zafi kamar ruwa, don kilo guda na ruwa yana shan zafin da ya ninka na kilo guda na ƙarfe kusan sau tara kafin ya hau digiri ɗaya. Idan aka haɗa ƙarfen da ruwan, aka raba zafin daidai a jikin injin gaba ɗaya, zai riƙa hawa da digiri 11 ko 12 a kowane minti. Daga digiri 80 zuwa 120 ke nan cikin minti uku da rabi. Sai dai zafin ba ya rabuwa daidai. Yana taruwa ne a kan silinda, musamman a siririn ƙarfen da ke tsakanin bawul ɗin hayaƙi da nozul, wurin da ruwa kaɗan ne ke kewaye da shi, don haka can zai tafasa tun kafin sauran injin ya san abin da ake ciki. Gaskiya ne ruwan zafi yakan tashi sama mai sanyi ya sauko da kansa ko babu famfo, kuma tsofaffin motoci irin Ford Model T da haka suke sanyaya, amma an ƙera su ne da faffaɗan bututu da dogon lagireto saboda hakan. Injin jirgi na yau hanyoyin ruwansa matsattsu ne, tukunyarsa kuma kusan tsayi ɗaya take da kan silinda, wannan ɗan motsi ba zai kwashe kilowat 15 ba.

Murfin tankin ruwa yana sayo ɗan lokaci. Saboda yana riƙe matsi na kusan "bar" guda a ma'aunin matsi, ruwan ba ya tafasa a digiri 100 sai ya kusa 120, maganin da aka gauraya kuma yana ƙara ɗaga wannan iyaka kaɗan. Da zarar an wuce ta sai tururi ya fara taruwa, ya tura ruwan waje ta murfin, kuma tururi ba ya kwasar zafi daga ƙarfe yadda ruwa yake yi. Daga nan hawan zafin ba ya bin lissafi. Wani abin takaici shi ne ma'aunin zafi yana iya yin ƙarya a wannan lokaci, domin ɗan ƙarfen da ke aika masa labari yana zaune ne a wuri guda, galibi kusa da tamostat, yana auna ruwan da ke wucewa ta kansa. Idan ruwan ba ya wucewa, labarin yana makara, idan kuma ruwan ya ƙafe ya bar shi cikin tururi, allurar tana iya tsayawa ko ma ta ɗan sauka. Ƙananan jirage da yawa ba su da ma'aunin ma, sai ƙararrawa kawai da ke kuka idan zafi ya kusa digiri 100, wato bayan an cinye yawancin lokacin da ake da shi.

Ɓarnar tana zuwa daki-daki. Gasket ɗin kan silinda yakan fara sakin jiki, sai kan silindar ya karkace ko ya tsage a tsakanin bawuloli. Baƙin mai yana tsinkewa ya zama kamar ruwa, fistan yana kumbura fiye da ramin da yake ciki, ya fara kankare bango, daga ƙarshe ya cije. Ƙananan injunan dizal na jirgi galibi da baƙin ƙarfe aka yi kawunansu, sun fi na motocin zamani masu kan alminiyom juriya, kuma wannan ne ya sa ake samun labaran injin da ya tafasa ya huce ya ci gaba da aiki shekaru. Ba na musun labaran, sai dai waɗanda nasu injin ya cije ba su cika ba da nasu labarin ba.

Yanayi na biyu shi ne wanda famfon ruwan teku ne ya tsaya. A nan injin kansa yana da ɗan sauƙi, domin ruwan daɗi yana ci gaba da zagayawa yana raba zafin ko'ina, ma'auni yana faɗin gaskiya, allura tana hawa a hankali a gaban idon mai kallo. Abin da ke cikin haɗari tun kafin injin shi ne salansa. Hayaƙin dizal yana haura digiri 400 idan injin yana aiki da ƙarfi, kuma ba za a iya ratsa cikin jirgin katako ko na roba mai tauri da bututu mai irin wannan zafi ba. Dabarar da aka yi ita ce a fesa ruwan tekun da ya gama aikinsa a cikin hayaƙin, a wata gwiwar ƙarfe da ke bayan injin, nan take zafin ya faɗo ƙasa da digiri 50, daga nan sai a ci gaba da tiyon roba da tukunyar salansa ta filastik har zuwa bayan jirgi. Kamfanin Vetus na ƙasar Holan, wanda tukwanensa suka cika jiragen Turai, ya ƙayyade musu digiri 70. Idan ruwa ya yanke, ɗanyen hayaƙi ne zai bi ta cikinsu. Filastik ya narke, tiyo ya ƙone daga ciki, hayaƙi ya cika ɗakin da mutane suke kwana, idan kuma wani ɓangare na tiyon yana ƙasa da layin ruwa, to an buɗe wa teku ƙofa. Duk wannan yana iya faruwa alhali ƙararrawar zafin inji ba ta ce uffan ba, shi ya sa masu lura suke ƙara wata ƙararrawa dabam a jikin tiyon salansa. Kunne ma yana taimakawa, domin salansar da ta bushe tana sauya murya, ta daina tari da feshi ta koma wata ƙara mai kauri kamar ta tarakta.

Dalilin da ya sa injin ba ya tsayawa da kansa shi ne tsohon injin dizal ba ya buƙatar lantarki da zarar ya tashi. Ba shi da fulogi, famfon mansa na ƙarfe ne, zai yi ta aiki ko da an cire batir. Sababbi masu kwamfuta suna rage gudu da kansu idan sun ji zafi, kuma suna mutuwa idan batir ya ƙare, amma mafi yawan injunan da ke cikin ƙananan jirage ba su da wannan wayo. Don haka jar fitilar caji ita ce saƙon farko, kuma a jirgi ya kamata a karanta ta a matsayin fitilar zafi har sai an buɗe murfi an ga fambel da ido. A injuna da yawa allurar da ke nuna saurin juyawar inji daga altaneta take samun labari, saboda haka idan ta faɗi ƙasa alhali kunne yana jin injin yana ruri, babu sauran shakka.

Me ya kamata a yi? Idan akwai sarari, a kashe injin, a jefa anka ko a ɗaga filafilai idan jirgin mai tafiya da iska ne. Wahalar ita ce fambel ba ya zaɓar wuri. Yana iya tsinkewa a bakin mashigar tasha tsakanin ganuwar duwatsu biyu, ko a hanyar manyan jiragen dakon kaya, ko a kogi sama da gada inda igiyar ruwa take ja. A irin wannan wuri matuƙi yana da 'yancin ya sadaukar da injin don ya ceci jirgin da mutanen da ke ciki, kuma babu mai hankalin da zai zarge shi. Abin da lissafin baya yake koyarwa shi ne zafin yana bin yawan man da aka ƙona, saboda haka injin da aka mayar ƙaramin gudu yana iya ninka mintocinsa sau da yawa. Minti biyu a hankali don a fita daga bakin dutse a jefa anka abu ne mai yiwuwa. Minti ashirin don a ƙarasa tasha saboda ana jin kunyar a kira masu ja, wannan caca ce da injin gaba ɗaya. Wasu sukan yi dabarar tayarwa na ɗan lokaci, su kashe, jirgin ya yi ta sulalawa da saurin da ya samu, su jira ya huce su sake, sai dai kowace tayarwa tana cin batir ɗin da babu mai yi masa caji.

Akwai shawarar da aka saba bayarwa cewa injin da ya ɗau zafi kada a kashe shi farat ɗaya, a bar shi ya yi aiki a hankali ya huce. Shawarar tana da tushe idan famfo yana juyawa, misali idan an matsa wa injin ne fiye da kima. Idan famfon ya tsaya babu abin da zai huce, ƙarin wuta kawai ake yi. Bayan an kashe kuma allurar zafi takan ci gaba da hawa na wasu mintoci, domin zafin da ke cikin ƙarfe yana fitowa ya shiga ruwan da ke tsaye, wannan ba sabuwar matsala ba ce. Kada a buɗe murfin tanki a lokacin, don ruwan da ke digiri 115 a ƙarƙashin matsi yana tafasa nan take ya yi feshi da tururi da zarar an sake shi, a cikin ɗaki matsattse da fuskar mutum take saman injin. Kada kuma a kwara wa ƙarfe mai zafi ruwan sanyi, ciki ko waje, domin abin da zafi bai tsaga ba sanyin gaggawa yana tsagawa.

Kafin a sa sabon fambel sai an tambayi abin da ya kashe tsohon, domin ba kasafai yake mutuwa haka kawai ba. A juya fulin altaneta da na famfo da hannu. Idan ɗaya ya cije ko yana ƙara ko yana girgiza, boris ɗinsa ne ya mutu, shi ne ya ƙone fambel, kuma zai ƙone sabon cikin minti kaɗan. A duba ko wutsiyar fambel ɗin da ya tsinke ta fyaɗi tiyo ko ta tsinke waya. Sau da yawa kuma alamun sun daɗe suna nan. Baƙar ƙura a gaban injin robar fambel ce da ke gogewa saboda sakwarkwacewa, ko saboda tsatsar da iskar teku ta yi wa fuli a watannin hunturu da jirgin yake ajiye, ko saboda fulayen ba sa kan layi ɗaya. Ka'idar da littattafan injuna da yawa suke bayarwa ita ce idan an danna tsakiyar fambel da babban yatsa ya lotsa kimanin milimita 10. Wanda ya ɗaure fiye da haka don gudun santsi yana kashe boris ɗin famfon ruwa, ya sayi babbar matsala da ƙarama.

A 'yan shekarun nan an samu sabon dalili. Masu jirage suna ƙara firji da na'urori, suna cire altanetar asali su sa babba, suna kuma komawa batir na litiyom wanda yake shan duk cajin da aka ba shi ba tare da ya ce ya ƙoshi ba. Altaneta mai amfiya 100 tana jan kusan ƙarfin doki huɗu daga inji idan tana aiki a cike, kuma siririn fambel guda yana gab da iyakarsa a nan. Wato don a samu ruwan sanyi a firji an ɗora wa igiyar da ran injin yake rataye a kanta kayan da ba a yi ta dominsa ba. Masu yin gyaran yadda ya dace sukan sauya fulayen gaba ɗaya zuwa faffaɗan fambel mai layi-layi.

Idan babu na ajiya, ana iya ɗaura igiya mai ƙarfi, ko a yi amfani da fambel mai gaɓa-gaɓa irin na kamfanin Fenner wanda ake rage tsawonsa da hannu. Sirrin shi ne a zagaye fulin inji da na famfon ruwan daɗi kawai a bar altaneta, tunda ita ce mai nauyi, famfon kuwa ko igiyar da ba ta ɗauru sosai ba tana juya shi a ƙaramin gudu. Famfon ruwan teku ya fi taurin kai saboda robar da ke goga a cikinsa. Wasu sukan maye gurbinsa da famfon lantarki na wanke daɓe, su haɗa tiyonsa da tukunyar musayar zafi, kuma yana yi, amma da sharaɗi mai tsauri: a kunna shi bayan injin ya tashi, a kashe shi kafin injin ya tsaya. Hayaƙi ne yake tura ruwa waje daga salansa, idan babu hayaƙi ruwan zai cika tukunyar salansa, ya hau gwiwa, ya shiga silinda ta bawul. Ruwa ba ya matsuwa, kuma fistan da ya haɗu da shi yana lanƙwasa sandarsa.

Mai karatu da ya saba da jiragen Yawuri da tafkin Kainji ko na Baga a tafkin Chadi zai lura cewa yawancin wannan bayani bai shafi injin da ake ratayawa a bayan kwale-kwale ba. Irin Yamaha Enduro da ake gani a waɗannan wurare ba shi da fambel na sanyaya, farfelar robarsa tana can ƙasa a cikin ƙafar injin, sandar da ke juya farfelar tuƙi ita ce ke juya ta. Abokan gabansa su ne yashi da ciyawa da leda, kuma siririn ruwan da yake tsartuwa a gefensa yana faɗin gaskiya fiye da salansar babban inji, tunda ruwa iri ɗaya ne kawai a cikinsa. Wanda abin ya shafa shi ne duk mai jirgin da aka girka wa injin mota ko na babbar mota a ciki.

Bayan an sa fambel an tayar da injin, aikin bai ƙare ba. A duba baƙin mai ko ya koma kalar shayi da madara, alamar ruwa ya shiga. A leƙa tankin ruwa tun injin yana da sanyi a ga ko kumfa tana tasowa a jere, alamar iskar silinda tana ratsa gasket. A lura da farin tururi a salansa da kuma ruwan da ke raguwa ba tare da an ga inda yake zuba ba. Man da ya dahu a canza shi, tamostat da ya sha tururi ma a canza shi, don kakin da ke cikinsa yakan lalace. Idan famfon ruwan teku ne ya tsaya, a kwance tiyon salansa a leƙa cikinsa da tocila ko da bayansa yana ƙyalli kamar sabo, domin zafi yakan raba rufin ciki da na waje, rufin ya saki ya rataya kamar labule. A ƙaramin gudu ba ya hana komai. Sai bayan makonni, ranar da aka buɗe wa injin wuta, hayaƙi ya tura wannan labule ya toshe hanya, injin ya rasa ƙarfi ya fara ɗaukar zafi, bakanike kuma ya shafe kwanaki yana kwance famfo da tamostat da tukunyar da babu abin da ya same su.